Motar Baba Safiyo Ba Ta Mutu Ba

"Ku daina turawa! Don Allah ku daina, wannan ba ta tashi da turi!"

Ni ce nake ihu ta tagar mota, amma wa ya ji ni? Wasu ƙarti sun dafa bayanta suna nishi, mai sayar da jarida ya ajiye jaridunsa yana ba su umarni, motoci sun yi layi a bayanmu kowa ya danne ham. Baba Safiyo kuwa ya riƙe sitiyari hannu bibbiyu, ya miƙe wuya don ya hango titi, yana cewa, "Ku ƙara ƙarfi kaɗan, samari, ta kusa."

"Baba, ta kusa ina? Kai da bakinka ka gaya mini irin wannan motar ba ta da kulocin da za a saki."

"Bar su su gwada, 'yata. Ba a hana mutum neman lada."

Haka suka tura mu har gefen titi, suka tsaya suna haki suna hararar motar. Daga ƙarshe dai tasi muka tare. Kafin mu isa asibiti an ba wani majinyaci injin wankin ƙodar da aka ware wa Baba, sai da muka yi zaman jira har rana ta karkata. Ni da na rufe shagon ɗinkina da niyyar in dawo kafin azahar, ranar ko zare ban zura a allura ba.

Baba Safiyo maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Awon filaye ya yi har ya yi ritaya, shi ya sa sunan ya bi shi. Ɗan guntun tsoho ne mai tsafta, mai taurin kai na bugawa a jarida. Tun da matarsa ta rasu yake zaune shi kaɗai a gidan da ya auna filinsa da hannunsa, ya dasa lemun tsami a tsakar gida, ya kafa kujerar katako a baranda. Sau biyu a mako yake zuwa wankin ƙoda, kuma shi yake tuƙa kansa. Ni nakan bi shi da sunan zan sayo zare a hanya. Ya san ƙarya nake yi, na san ya sani, ba wanda ya taɓa tayar da maganar.

Ɗansa ɗaya ne, akanta ne a wani kamfani can ƙarshen gari, yana zaune a hawa na sama na wani dogon bene. Baba yana kiransa Manaja, ba don yabo ba. Tun da ciwon ya tsananta Manaja yake so ya ɗauke uban ya koma wurinsa, Baba ya ce sai dai a ɗauki gawarsa. Da aka gaji da ja-in-ja suka yi yarjejeniya a gabana: muddin Baba yana iya kai kansa asibiti a motarsa, zai zauna a gidansa. Ranar da motar ta mutu, ranar zai haɗa kayansa. Manaja yana zuwa duk ƙarshen mako, kuma kafin ya gaida uban sai ya leƙa rumfar mota.

Motar irin haibirid ɗin nan ce, mai shan fetur tana kuma aiki da lantarki. Babban batirinta yana ƙarƙashin kujerar baya, kuma shi ne ya fara gajiya. Wata jar fitila ta fito a gaban direba ta ƙi mutuwa. Maganin da Baba ya yi mata shi ne ya zo shagona ya ari almakashi, ya yanki baƙin salatif ya manne ta.

Washegarin abin da ya faru a titi aka jawo motar zuwa garejin Dogo, bakaniken da yake duba ta. Na bi su, don na san in ban je ba Baba zai dawo ya ce mini an ce lafiyarta ƙalau. Dogo ya jona kwamfutarsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago ya share zufa da bayan hannu.

"Baba, wata ƙwayar batirin ce ta sake mutuwa."

"To, a canza ta."

"Baba, ka saurare ni. Batirin nan ƙwayoyi ne a jere, kuma tare suka tsufa. In na sa sabuwa a tsakiyar tsofaffi, sai ta kusa da ita ta faɗi. Tun bara muke wannan abin. Ni kaina na fara jin kunyar buɗe kujerar nan."

"Me kake so a yi?"

"Ko a sa sabon batir gaba ɗaya, ko a nemo na hannu a yi addu'a, ko ka sayar da ita ka huta."

"Sabon, yau za ka sa?"

"Sai an yi oda. Kuma wannan tsohon ya fara kumbura, ba zan bar ka ka ci gaba da yawo a kansa ba. Motar za ta kwana a nan mako biyu, ko fiye."

"Ƙwayar fa?"

"Kafin la'asar."

"To, a sa ƙwaya."

Dogo ya dube ni, na dube shi. Ba rashin abin hannu ba ne, Baba yana da fanshonsa, bai taɓa kuka da wannan ba. Damuwarsa ɗaya ce: kada Manaja ya zo ya tarar da rumfa wayam. Canjin ƙwaya aikin yini ɗaya ne, mota ta kwana a gida, ɗa ya zo ya gan ta a wanke tana sheƙi. Saboda wannan kaɗai muka yi shekara muna faci a kan faci, ni da nake tela ma ban taɓa yi wa riga irin wannan cin mutuncin ba.

A hanyar gida na kasa haɗiye abin da ke raina.

"Baba, wallahi ka kai ni maƙura. Jiya da a babban titi ta tsaya fa? Da ka suma a ciki fa? Ƙafarka ta kumbura har takalmi ba ya shiga, kai kana ta lallashin batir."

"'Yata, ke yarinya ce. Kin taɓa hawa benen nan nasa? In ka leƙa ta taga, mutane kamar tururuwa. Ba wanda zai wuce ya ce maka sannu. Matarsa mutuniyar kirki ce, amma komai sai ta goge bayan na taɓa."

"To ka gaya masa gaskiya mana."

"Manaja ba ya jin gaskiya, sharaɗi yake ji."

Har muka isa gida raina bai huce ba. Sabuwar ƙwayar ko wata ba ta rufa ba. Wata safiya ina cikin yanka yadi na ji yana ƙwala mini kira ta katanga. Na fita na tarar da motar ta tsaya rabi a waje rabi a ciki, ta tokare ƙofar gida, shi kuma yana ciki yana danna maɓalli yana sake dannawa, leɓɓansa sun bushe. Ranar wankin ƙoda ce.

Na buɗe ƙofar motar na tsaya a kansa.

"Baba, yau dai ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi. Ko ka ba Dogo makulli ya sa sabon batir, ko in kira Manaja yanzu a gabanka. Zaɓi ɗaya."

"Za ki ci amanata?"

"Zan ci, in sha ruwa. Gara ka yi fushi da ni kana numfashi."

Can ya zaro makullin daga aljihu ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Na kira tasi na kira Dogo. Duk hanyar asibiti bai ce mini uffan ba, sai da muka iso ya ce wa direban, "Ka ba wannan matar canji, ni ban san ta ba."

Ƙarshen mako Manaja ya zo da ledar magunguna. Ina jin ƙarar ƙofar motarsa na kashe keken ɗinki, na ɗauki wata riga na shiga gidan kamar na zo nuna wa Baba aiki. Na tarar da shi tsaye a bakin rumfa, yana kallon tabon mai a siminti.

"Baba, ina mota?"

"Tana wurin Dogo."

"Me ya same ta?"

"Batir za a sa mata."

"Tun yaushe take ba ka matsala?" Ya juyo wurina. "Anti, tun yaushe?"

"Tun bara," na ce. Baba ya watso mini wani kallo, na yi kamar ban gani ba.

Manaja ya ajiye ledar a kan kujera, ya dafe kai. "Shekara guda kana tuƙa mota mai mutuwa a titi, kana fitowa daga wankin ƙoda jiri na ɗibarka, ni ina can ina cewa lafiya lau. Baba, in wani abu ya same ka, me zan ce wa kaina? Shi ke nan, magana ta ƙare. Ka haɗa kaya."

"Me muka yi da kai?" Baba ya ɗaga ɗan yatsa. "Cewa muka yi ranar da ta mutu. Ta mutu? Tana asibiti ne, kamar yadda nake zuwa. Ni da nake zuwa asibiti ka ga an binne ni?"

"Baba, don Allah."

"Ga shaida nan a tsaye. 'Yata, mutuwa muka ce ko jinya?"

Ni da na zo in taya ɗa, sai ga shi an mai da ni lauyar uba. Na so in ce jinya ma ta isa. Amma na dubi tsohon nan a kujerarsa, ƙafafu a kumbure a kan ɗan benci, ya riƙe hannun kujerar gam kamar yanzu za a cire shi.

"Mutuwa kuka ce," na ce, ina jin haushin kaina.

Manaja ya yi ajiyar zuciya. Ya ce to, zai jira motar ta dawo, zai shiga ya ga uban ya tuƙa shi da idonsa, in bai gamsu ba babu sauran sharaɗi. Ya tsugunna ya gyara wa uban silifa, ya jera magungunan a tebur, ya tafi idonsa jajir.

Kwanakin da suka biyo baya Baba ya addabi Dogo da waya, safe da yamma. Ni ma bai bar ni ba. In na kai masa abinci ya ce gishiri ya yi kaɗan, in ce likita ne ya hana, ya ce likita ba shi zai ci ba. Ya daina fushi da ni dai, har ya sa na tsinko lemun tsami na kai gida. Jikinsa kuwa kullum baya yake yi. Daga ɗaki zuwa baranda sai ya huta a hanya. Duk da haka yana zaune a kujera yana motsa ƙafar dama sama da ƙasa, wai yana gwajin taka birki don ranar jarrabawar Manaja.

"Baba, ko an kawo motar nan ba za ka iya ba," na ce masa wata yamma. Na gaji da ɓoye-ɓoye.

"Na sani," ya ce. "Amma ai ba a kawo ta ba tukuna."

Bayan kwana biyu, da hantsi, na shiga in tambaye shi ko in kira tasi. Yana zaune a kujerar baranda, rediyo na magana a gefensa, kofin shayi ya huce a kan benci. Na yi sallama, na sake yi. Har na fara faɗa, ina cewa yau ma sai mun makara ko, kafin na lura hannunsa ya sauka daga kan kujerar. Na taɓa shi, na ji jikinsa ya yi sanyi. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafafunsa na yi kuka, kuma ko a cikin kukan haushinsa nake ji, don tsohon nan sai da ya yi yadda yake so. Da na samu natsuwa na kashe rediyon na kira Manaja.

Kwana uku da rasuwar, muna zaune a tsakar gida ana karɓar gaisuwa, sai ga motar ta shigo layi. Dogo ne a ciki. Ba ya gari lokacin da abin ya faru, yaran garejin kuma ba su gaya masa ba. Ya ga mutane a ƙofar gida, ya ga tabarmi, ya rage gudu. Ya shigar da ita rumfa a hankali ya tsaya. Manaja ya tashi ya je ya sunkuya a taga ya gaya masa.

Dogo bai fito nan da nan ba. Ya zauna hannunsa a kan sitiyari. Can ya ce, "Batirin sabo ne fil. Jiya na gwada ta a kan tudu, ko tari ba ta yi ba."

Ya fito ya miƙa wa Manaja makulli. Har ya juya zai tafi, sai ya dawo ya sake buɗe ƙofar direba. Da zai taho ya tura kujerar direba can baya ne saboda dogayen ƙafafunsa. Ya sunkuya ya ja ƙarfen da ke ƙarƙashi, ya matso da ita gaba sosai har ta kusa taɓa sitiyari, yadda Baba yake barin ta, sannan ya rufe ƙofar.