Motocin da Ba Sa Kwana a Layin

Jurgen yana da hanyarsa ta gane unguwa, kuma ba ya jin shawarar kowa a kai. Shi dai ya leƙa layi ya ga motocin aiki a ƙofar gidaje: farar motar mai gyaran famfo, ta mai fenti da tsani ɗaure a samanta, ta kafinta. In ya gan su, to nan mutanensa suke. In kuwa ya tarar da kekunan nan masu akwati a gaba da ake zuba yara a ciki, da shagon kofi inda ake sayar da burodi da tsadar magani, sai ya ja tsaki ya juya kekensa. Tun bai tambaya ba ya san gidajen layin sun fi ƙarfinsa.

Ba yawon shan iska yake yi ba. Mai gidan da yake haya a birnin Gent ya sayar da ginin, an ce masa ya tattara kafin yara su koma makaranta. Da shi kaɗai ne da sauƙi, ko a falon abokin aiki ya raɓa. Damuwarsa Fien ce, 'yarsa mai shekara goma sha ɗaya. Tun da suka rabu da uwarta, Ilse, yarinyar mako guda take yi wurin uwa, mako guda wurin uba, bisa sharaɗin da aka yi a gaban alƙali: duk inda uban zai zauna, ya zama Fien za ta iya zuwa makarantarta a keke. In ya bar gari, makonsa ya tafi ke nan, sai dai ya riƙa ganinta Asabar da Lahadi.

Haya kuwa ta zama abin da ta zama. Masu gidaje da sun ji mutum ɗaya ne da albashi ɗaya, ga yarinya, sai su ce za su kira shi. Har yau suna kira. Banki ya yarda ya ba shi rancen sayen gida, amma abin da suka ambata, wallahi da ya ji sai da ya yi dariya don kada ya yi wani abin.

"Ba mugunta nake maka ba, Jurgen," in ji Ilse ranar da ya mai da yarinyar. "Amma ba zan yarda a tashe ta da asuba a jefa ta jirgin ƙasa ba."

"Wa ya yi maganar jirgi? A cikin gari zan samu."

"To, Allah ya sa."

Wannan "Allah ya sa" ɗin ya fi zagi ciwo, don ya san da gaske take yi.

Aikin yamma yake yi a tashar jiragen ruwa, saboda haka safiya tasa ce. Kullum ya ajiye kofin kofi sai ya hau keke. Ya fara da unguwar da aka haife shi. Gidan nasu na da ya same shi da baƙar ƙofa mai sheƙi da bishiyar zaitun a tukunya. Zaitun, a garin da rana ke leƙowa kamar mai jin kunya! Shagon soyayyen dankalin da ke kan kwana ya koma wurin motsa jiki. Bai ko sauka daga keke ba. Haka ya yi ta bin gari unguwa-unguwa, ko'ina an riga shi.

Wata Talata, ruwa na yayyafi, ya ɓata hanya a bayan tsohuwar masaƙa, ya faɗa wani ɗan siririn layi na gidajen jan bulo. Ya taka birki. Motocin aiki ne jere, hanci da gindi, tun daga bakin layi har ƙarshensa. Rediyo na tashi daga wata taga, wani na yanka tayil a bakin ƙofa, ƙura na tashi. Ga kuma allon sayarwa a jikin wani ƙaramin gida mai koren labule.

Maza uku na zaune a kan dakalin wani gida suna cin burodi da cuku. Jurgen ya matsa.

"Sannunku da hutawa. Yaya layin nan yake?"

Babbansu, mai furfura da siminti a gira, ya haɗiye lomarsa. "Layin nan? Aiki ba ya ƙarewa a nan, abokina. Ka gama wannan, wancan na jiranka."

"Haka ake so!" in ji Jurgen.

"Kai ka faɗa. Bayana ne bai yarda ba."

Suka yi dariya tare. Ya ga ƙarafunan hawa gini a jikin gidaje, ya ga tulin ɓaraguzai, bai makance ba. Amma ya ce a ransa ai haka talaka yake, da hannunsa yake gyara gidansa, maƙwabci ya kama masa. Mutum in yana son abu, babu fassarar da ba zai yi masa ba.

Daga nan bakinsa bai sake rufuwa ba. Ya gaya wa abokan aiki, ya gaya wa Ilse a waya, ya auna hanyar makaranta da kekensa ya ga ko gumi Fien ba za ta yi ba. Ita kuwa yarinyar har ta fara rigimar kalar fentin ɗakinta.

Ranar Asabar dillaliya ta buɗe gidan ga masu son gani. Suka je tare da Fien. Suna shan kwana, Jurgen ya ja ya tsaya. Layin fayau, ko mota ɗaya ta aiki babu. Abin da ke fake a ƙofar gidan mai koren labule kekunan nan ne masu akwati, ga mutane sun yi layi har kan titi, kowa da lema mai kyau da takalmi mai tsabta.

"Baba, ina motocin da ka ce?"

"Asabar ce," ya ce. Shi kansa ya ji amsar ba ta zauna ba. Motar mai gida ai ranar hutu ne ma take wuni a ƙofarsa.

Wata tsohuwa na zaune a kujera a bakin ƙofar da ke kusa, ta lulluɓe gwiwoyinta da bargo, tana kallon masu layi ɗaya bayan ɗaya. Ya gaishe ta, ta ce masa sunanta Gaby, a masaƙar can ta ƙare ƙuruciyarta.

"Iya, masu motocin nan fa? Mai tayil, da mai fenti?"

"Su wa? Leburorin?" Ta kalle shi sama da ƙasa, ta tsaya a kan takalmin aikinsa. "Ayya, ɗana. Ka zaci nan suke? Aiki suke zuwa yi. A sayi gida, a kira su su farke cikinsa kamar kifi, su gama su wuce na gaba. Yamma na yi kowa ya kama hanyar ƙauyensu. A layin nan ni kaɗai na rage, ni ma masu sayen gidaje jira suke."

"Jiran me?"

"Kai ma ka sani. Har katin dillalai suke turo min ta ƙarƙashin ƙofa, marasa kunya."

Kunya ta rufe shi, irin ta wanda ya yi ta ɗaga wa baƙo hannu yana zaton ɗan'uwansa ne.

"In leburorin kake nema," in ji Gaby, "bi su da yamma ka ga inda suke kwana."

Duk da haka suka shiga, don Fien ta riga ta ja hannunsa. Gidan ƙarami ne, yana warin danshi da tsohuwar miya, kuma daidai da su yake, abin haushin ke nan. Wani saurayi mai gilashi yana ƙwanƙwasa bangon kicin yana ce wa matarsa wannan rushe shi za a yi. Fien ta haye sama da gudu ta leƙo ta kan matakala.

"Baba! Ɗakin baya nawa ne, ana ganin jirgin ruwa ta taga!"

Jurgen ya ja dillaliyar gefe, ya faɗa mata iyakar abin da zai iya, a hankali, kamar mai faɗar cutar da yake ɓoyewa. Ba ta yi masa wulakanci ba, da ma ta yi, da ya samu wanda zai yi wa faɗa. Ta dai rage murya ta ce tun kafin a buɗe ƙofa an yi tayin da ya wuce nan nesa, kada ya wahalar da kansa.

Ya ci gaba da nema har lokacin ya kusa cika, ba don yana sa rai ba, don dai bai san yadda ake dainawa ba. A ƙarshe ya bi maganar tsohuwar. Ya samu gida a wani ƙauye can wajen iyakar Holand, inda bas ke zuwa in ta ga dama. Gida mai kyau, har da ɗan lambu a baya. Ranar da ya sa hannu, bai gaya wa kowa a wurin aiki ba.

Fien ba ta yi kuka ba da ya faɗa mata. Ta ce za ta iya tashi da wuri, ita ba ta jin barcin safe. Ya ce ya sani. Ta ce za ta roƙi mamanta. Ya ce kada ta roƙa, mamanta na da gaskiya. Faɗar wannan kalmar ta fi komai yi masa nauyi.

Makonta na ƙarshe a wurinsa suka yi shi cikin kwalaye. Ya ba ta nata kwalin, ta shiga ɗaki tana haɗa kaya, shi yana naɗe kofuna a tsohuwar jarida. Can ta fito rungume da littattafanta, da kayan wasannin makaranta, da ɗan akwatin da yake zuba mata abincin rana kowace safiya.

"Baba, waɗannan fa? A wane kwali zan sa?"

Ya dube su, ya ci gaba da naɗe kofin da ke hannunsa.

"Kada ki sa su a kwali," ya ce. "Zuba su a jakarki, gidan mamanki za su."