Yatsan Injiniya Rabe

"Baba, don girman Allah yau kada ka nuna komai da yatsa," in ji Kubura, tana gyara masa hula. "In ta tambaya, ka ce ka faɗi a banɗaki sau biyu."

"Sau ɗaya ne."

"Biyu ne, Baba. Ni na ɗaga ka."

Matar council, wato hukumar gari, suke jira, wadda za ta duba ko Injiniya Rabe ya cancanci a riƙa turo masa mai kula da shi safe da yamma. Wata takwas Kubura tana bin wannan magana. Bango kawai ya haɗa gidajensu a Handsworth, can Ingila, amma tun da ƙafarsa ta fara ja ita ce abincinsa, ita ce wankinsa, ga 'ya'ya uku, ga aikin kantin magani. 'Yarsa Zinatu likita ce a Manchester, sai ƙarshen mako take leƙowa. Wallahi Kubura ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya cirewa.

Yatsan nan kuwa daga Japan ya ɗauko shi. Shekara biyu ya yi can yana aiki da wani ƙaramin kamfanin jirgin ƙasa, kuma babu wanda ya sha shayi a gidansa bai sha labarin ba. An so a rufe layin don ba ya kawo riba, mutanen garin suka ce atabau. Hukuma ta ɗauki rabin kuɗin tafiyar da shi, 'yan kasuwa suka ɗauki rabi, tarago ɗaya tal ya ci gaba da ratsa gonakin shinkafa. Direbobin can ba sa yarda da ido kaɗai, sai sun nuna abu da yatsa sun faɗa da ƙarfi. Shi ya sa kullum ƙarfe bakwai na safe Kubura ke jiyo shi ta bango: "Gas, a kashe! Magani, an sha! Ƙofa, a kulle!"

Justina sunan matar, ita ma da ganin idonta ka san ba ta hutawa. Tana zama tsohon nan ya miƙe ƙyam, ko sanda bai taɓa ba. Ya ja ta kicin, ya ɗaga yatsa, ya bi komai ɗaya bayan ɗaya kamar ana gwada shi tuƙi. Batun faɗuwa ko kusa bai yi ba.

"Tsarinka ya fi nawa," in ji Justina da Turanci, tana rubutu. A bakin ƙofa ta rage murya ta ce wa Kubura, "An yanke mana kuɗin aiki. Yanzu sai wanda ya kasa gaba ɗaya."

Kubura ta dawo falo. "Haba Baba! Me ka yi mini haka?"

Ya riga ya zube a kujera yana haki. "'Yata, kin san yadda ake rufe layi? Mutum ke zuwa da takarda. In ya ga abin ya lalace, shi ke nan. Da na ce na faɗi, care home za su kai ni, gidan ajiye tsofaffi."

"Wa ya ce za a kai ka? Rabi su, rabi ni nake nema, kamar jirgin naka!"

Ya kalle ta. "Kin gaji ko?"

"Na gaji, Baba."

Tana faɗa ta yi da-na-sani. Shi kuwa gyaɗa kai kawai ya yi. "To ki daina shigowar safe. In kin ji ni ta bango, ki tafi aikinki."

Takardar ƙi ta zo bayan mako biyu. Muryarsa ta ƙara ƙarfi da safe, da gangan, don ta ji. Ita kuma, Allah ya yafe mata, ta ji daɗin wannan ɗan sauƙin.

Ranar wata Talata tana cusa wa yara abinci a jaka ta jiyo shi. "Gas, a kashe! Magani, an sha!" Ta kwashe su suka fita a guje. Sai da bas ta tsaya, ƙafarta ɗaya a ciki, sannan abin ya faɗo mata. Biyu ta ji, ba uku ba. Ta juya da gudu.

A soro ta same shi, kwance ta gefe, hularsa can gefe guda. Hannun dama a miƙe wajen ƙofa. Ta durƙusa tana salati, ta riƙe yatsan, da sauran ɗumi a jikinsa.

Bayan sadakar uku Zinatu ta haɗa 'yar jakarta za ta kama jirgin Manchester, domin hutun da aka ba ta ke nan. Idonta ya kumbura. "Anti, ki rufe, ni ba zan iya ba," ta ce, ta miƙa mata makulli.

Kubura ta leƙa kicin, ta fito, ta ja ƙofar ta murɗa makullin sau biyu. Wata bas ta wuce a kan titi. Ta ɗan tsaya, sannan ta ɗaga yatsa a hankali.

"Ƙofa," ta ce, "a kulle."