Hannun da Zai Ɗora Kambi

Wata bakwai Gozmar ya yi a sunkuye kan fatar ɗan maraƙi, yana zana naɗin sarkin sarakuna a shafin farko na Linjilar da gidan ibadarsu zai aika fada. Ya haura sittin, yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya san daga wannan shafi ba zai ƙara wani ba, don haka yake lallaɓa shi kamar ƙwai.

Sarki ya zauna daram bisa karaga, bayansa zinariya. Bisa kansa Gozmar ya zana hannu yana leƙowa daga gajimare riƙe da kambi, wato mulki daga Allah yake. Haka malaminsa ya koya masa.

Sai ga bishop ya zo ziyara. Ya duba, ya yatsine fuska.

"Ina Paparoma?"

"Yana Rum, ranka ya daɗe."

"Da idona na ga naɗin nan, ban ga gajimare ya naɗa kowa ba. A kankare."

Uba Hartwig, shugaban gidan, mutum ne da duk wanda ya yi masa magana a ƙarshe shi ke da gaskiya. Ya ce a kankare. Gozmar ya haɗiye takaici, ya sa wuƙa, ya goge wurin da alli, ya zana Paparoma tsaye yana miƙa kambi. Mako biyar ya ci.

Fenti bai gama bushewa ba manzon fada ya iso. Kallo ɗaya ya yi, ya kumbura.

"Wato ubangidana yaron Paparoma ne? A hannunsa yake karɓar hula? A mai da gajimare!"

Bayan fitarsa Gozmar ya ɗaga fatar saitin taga.

"Uba, dubi, rana ratsa ta take. Fata ce fa, ba allon kakin zuma ba. Sarki da Paparoma su je can su daidaita mana! Ni ko ɗayansu ban taɓa gani ba."

"Alkawarin biyayya ka ɗauka, ɗana, ba na gardama ba."

Gozmar ya koma ya zauna, zuciya na tafasa. Ya ja wuƙa a hankali, yana ɗauke numfashi. A ja na huɗu ta huda fatar. Huji ya buɗe daidai bisa kan sarki, babban yatsa zai shige.

Uba Hartwig ya dafe ƙirji. "Sarki da rami a ka? Ai sai a ce mugun fata muke masa!"

"Muguwar fata dai," in ji Gozmar.

Aka yanke shafin, aka ce littafi ya tafi haka, ba hoto. Fatar kuwa aka ba Tankolf mai ɗinkin littattafai, don ya yayyanka ta ya ƙarfafa bango. Da hantsi Tankolf ya sami Gozmar a tsakar gida.

"Ɗan'uwa, zinariyar nan asara ce a yanka da ita. Ta ina zan fara ɓamɓarowa?"

Gozmar ya daɗe yana kallon fuskar sarkin, wadda da kyar yake iya gani. Sannan ya miƙa hannu.

"Kawo wuƙar. Kankarewa kam na ƙware."