Ɓarawon Lada

Shekara arba'in da ɗaya muka yi da mijina Orest kafin mu fara zuwa garin Phrae na Thailand cin hunturu, kuma a duk tsawon shekarun nan ban taɓa ganin dusar ƙanƙara ta wuni a ƙofar kowa ba a layinmu na garin Yorkton. Kafin ruwan shayi ya tafasa ya fita da shebur. Ya kwashe tamu, ya kwashe ta maƙwabta, ya bi layi har kan kwana, sannan ya sulalo gida kada wani ya leƙo ya ce an gode. Haka ake yi a wajenmu. Ba ka tambaya, ba ka faɗa, in kuma aka tare ka da godiya sai ka kama zancen sanyi.

Ni kuwa sanyin nan ya gama da gwiwoyina. Wata biyar a shekara nake yi ina jan ƙafa daga gado zuwa kujera, har likita ya gaji ya ce in nemi inda rana take. Shi ne muka taho Thailand, muka kama ɗaki biyu a bayan gidan Saithong, wata malamar makaranta mai ritaya da ke jin Turanci, daga Nuwamba zuwa Maris.

Sati biyu kacal na jingine sanda. Ban bar haikalin Buda ko ɗaya a garin ba: na katako, na kan tudu, mai Buda a kwance, duk na tuɓe takalmi na shiga. Daɗi kamar ya kashe ni. Orest yana biye da ni riƙe da takalmana, ya ɗaga kai ya dubi rufin da mutane ke tahowa daga nesa su gani, ya ce, "Wannan dai ba zai tara ƙanƙara ba, ya yi tsaye da kyau."

A sati na uku ya fara duba waya kowace safiya.

"An zuba ƙanƙara jiya a gida," in ji shi. "Har gwiwa."

"Gwiwar wa? Ni tawa lafiya lau."

"Verna, ni fa ba ni da amfani a nan. Ci, zama, riƙon takalmi. Ran Litinin zan je a canza mana tikiti."

 Na san in ya tafi sai na bi shi, don ban iya kwana inda ba na jin minsharinsa ba, abin kunya ne amma gaskiya ce. In kuwa na bi shi, na koma kujera ke nan har bazara. Na yi faɗa, na yi lallami, na yi shiru irin mai nauyin nan. Duk a banza.

Ran Alhamis gari na wayewa na ga babu shi. Ƙarfe bakwai sai ga mutum ya shigo yana fito, riga sharkaf da gumi, ya ci ƙwai uku. Ashe ya gano haikalin da ke ƙarshen lungunmu, mai ƙatuwar bishiya a tsakar fili wadda ke zubar da ganye kamar an aiko ta. Ya tarar da tsintsiyoyi jingine da katanga, babu kowa, malaman haikalin masu mayafi ruwan goro sun fita zagayen karɓar sadakar safe. Ya share filin tas, ya tara ganyen a gefe ɗaya, ya mayar da tsintsiya, ya gudo.

"Ba wanda ya gan ka?"

"Haba, sai ka ce yau na fara."

Kwana huɗu ana haka. Litinin ta zo ta wuce, ban ji zancen tikiti ba, ni ma ban tuna masa ba, ai ba hauka nake yi ba. Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya mini a rai. Iya Buakham, tsohuwar da ke zama a bakin ƙofar haikalin, wadda kullum sai ta danƙa mini ayaba in na zo wucewa, ta fara kallon ƙasa.

Ran Talata da hantsi Saithong ta ƙwanƙwasa ƙofa, hannunta a baki tana danne dariya. A bayanta ga Iya Buakham da wasu tsofaffi biyu, kowacce riƙe da tsintsiya. Iya ba ta kai kafaɗar Orest ba, amma da ta ɗago kai sai da ya ja baya. Ta yi ta zuba, Saithong na juya mana.

"Ta ce shekararta saba'in da takwas. Shekara talatin tana share filin nan. Ta ce ƙarfin da ya rage mata ke nan, ba ta da na gina hasumiya, ba ta da na ciyar da malamai ɗari, sharar nan ita ce guzurinta. Sai ga shi kwana biyar suna zuwa su tarar da wuri fes. Yau suka laɓe bayan gangar haikalin suka ga ɓarawon."

"Ɓarawo?" in ji Orest. "Me aka sata?"

"Lada, Kawu Orest. Kai ne ɓarawon."

Tsofaffin biyu suka gyaɗa kai.

Orest ya yi ja har kunne. "Ki gaya mata hutar da su na yi. Tsofaffi ne, na ga bai kamata su sha wahala ba."

Saithong ta juya mata. Iya ta buga gindin tsintsiya a ƙasa.

"Ta ce wa ya ce maka hutu take nema? Hutu na nan tafe, mai tsawo ma. Ta ce kai ma ai ba yaro ba ne, ka je ka nemi naka filin."

Ni dariya ta zo mini har wuya, sai na dubi fuskar mijina ta koma. Mutumin da bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba, an zo har ƙofa an kira shi ɓarawo, kuma da gaskiyar mutane. Ya ba da haƙuri sau uku, ya shige ɗaki. Can na ji ƙarar akwati ana jawo shi daga ƙarƙashin gado.

Ban tsaya sa takalmi ba. Na ja hannun Saithong muka cim musu a lungu.

"Ki ce da Iya, in ta hana tsohon nan shara, ni ta kashe. Zai kwashe ni ya mayar cikin ƙanƙara." Na ɗage siket na nuna mata gwiwoyina. "Ki ce mata a can ko bayi sai an riƙe ni."

Iya ta sunkuya ta duba su da kyau, ta latsa ɗaya da yatsa kamar mai sayen gwanda. Sannan ta ɗage nata zanen ta nuna mini nata. Nata sun fi nawa kumburi, ta kuwa tabbatar na gani. Ta dubi tudun da ke bayan haikalin.

"Ta ce akwai matakala ɗari da tara zuwa can sama," in ji Saithong. "A can aka ajiye tokar gawar mijinta bayan an ƙone ta, cikin 'yar hasumiya. Shekara shida rabonta da hawa. Ba mai sharewa, duk masu son ladan ƙafa ta hana su. Ta bar wa Kawu. Amma da sharaɗi."

"Ko goma ne."

"In ya gama, ya sauko ya tsaya gabansu ya faɗa da bakinsa cewa ya share. Su kuma su ce satu, wato madalla, sun yi murna da aikinsa. Wanda ya yi murna da alherin wani yana da rabo a ciki. Ta ce alherin da aka ɓoye rowa ce, mutum ɗaya ya cinye."

Na koma na tarar da shi yana naɗe safa. Na zayyana masa komai. Matakalar ta yi masa, na ga idonsa ya kawo haske. Da na zo kan sharaɗin sai ya zauna a bakin gado.

"In tsaya gaban mutane in ce na yi abin kirki? Ni? Ubana zai juya a kabari."

"Ya juya mana, ai ya daɗe a gefe ɗaya. Kai dai zaɓi: ko ka buɗe baki, ko ka ci gaba da cin ladan tsofaffi kai kaɗai, marowaci kawai."

"Ni ne marowaci?"

"Ba ni na faɗa ba, Iya ce."

 Bai rufe akwatin ba, bai mayar da shi ba, haka ya kwana a buɗe a tsakar ɗaki ina tsallake shi.

Washegari na je na zauna tare da tsofaffin a gindin matakalar. Sun gama sharar filinsu, har Iya ta ba ni ayaba. Muna jin ƙarar tsintsiya daga sama tana saukowa a hankali, ganye na gangarowa. Sai wajen tara ya iso ta ƙarshe. Ya tsaya, ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa. Ya dubi sama ya ce da Saithong, "Yau kamar za a yi zafi."

"Orest," na ce.

Ya share murya. "Na share matakala." Da ƙyar aka ji.

"Ta ce kunnenta ya tsufa," in ji Saithong, alhali Iya ba ta ce komai ba.

"Na share matakala! Duka! Na kuma wanke 'yar hasumiyar, na goge hoton da ke jiki."

Tsofaffin uku suka haɗa tafin hannu a goshi. "Satu, satu, satu." Ni ma na ce satu, don ban ga dalilin da za a raba abu a gabana in tashi hannu rabbana ba.

Iya ta yi wata tambaya, muryarta ta yi ƙasa.

"Ta ce hoton yana fita har yanzu?"

"Sarai. Wani mutum ne mai manyan kunnuwa, yana dariya."

Iya ta ƙyalƙyale da dariya, hawaye na bin kumatunta, ta ce shi ne, shi ne, kunnuwan nan har a hanya ana tsokanarsa. Ta kwance wata 'yar jaka ta fito da furanni da kyandir, ta miƙa wa Orest da hannu biyu, ta ce na gobe ne, ya ajiye masa ta hannun dama, ya kuma gaya masa gwiwa ce ta hana ta, ba mantuwa ba.

Orest ya karɓa da hannu biyu shi ma. Muna tafiya gida yana riƙe da furannin nesa da rigarsa don kada gumi ya taɓa su.

"To, yaushe za ka wajen masu tikitin?" na tambaye shi.

"Gobe dai ba hali, an aike ni."

"Jibi fa?"

"Verna, wa zai riƙa kai wa Iya labarin mijinta in na tafi?"