Alayyahun Bakin Getsi

Shekara ashirin Malam Muntari ya yi yana noman rani a bakin rafin Getsi, kafin masana'antun Bompai su yawaita. A ranin 1983 ruwan ya daina kama da ruwa. Yau ya sauko shuɗi, gobe ja, jibi da kumfa da warin fata. Tumatir ya tsaya cak, latas ya yi rawaya, in ya tumɓuke sai ya ga saiwar ta gajarce ta yi baƙi. Alayyahu ne kaɗai ya yi kore shar.

Maƙwabcinsa Istifanus, mutumin Kagoro mai aiki a wani kamfanin jima, shi ya kawo masa malamin gona Abdulwahid. Malamin ya tsuguna ya daɗe yana juya saiwar a tafin hannunsa.

"Baba, ba rashin taki ba ne," in ji shi. "Gubar ƙarfe ce, irin wadda ake jima da rini da ita. Shuka kan sha, sai ta ɗaure ta a saiwa don kada ta hau sama. In ta fi ƙarfinta, ta mutu."

"To alayyahun fa? Ga shi lafiya lau."

"Shi ne abin tsoron. Ya iya ɓoye ta cikin ganyensa ya rayu. Mai ci shi ke kwashewa."

Muntari ya tuna miyar alayyahun da matarsa Hansatu ta yi jiya.

Washegari ya sare alayyahun kaf, ko akuya bai ba wa ba. Ya shiga haƙa rijiya can saman gonar, bayansa na ciwo. Istifanus yakan taya shi ran Lahadi bayan coci, da hannuwansa da suka tsattsage.

"Malam, ni nake buɗe bututun da ke zubo dattin kamfaninmu a rafin nan kullum," Istifanus ya faɗa wata rana, kansa a ƙasa.

"Kai ma sa ka aka yi. Miƙo min guga."

Kwana goma sha biyu suka cim ma ruwa. Muntari ya kamfata ya shinshina, ya zauna a bakin ramin har la'asar. Warin ya riga shi isa can.

Kafin damina ya karɓi aikin gadi a wani sito a Dakata. Sau biyu ya yi wa sauran masu lambu bayani, suka ce to me za su ci. Da safe yakan ga kwandunan alayyahunsu a bayan kekuna, za a kai kasuwa. Yakan amsa gaisuwarsu, ya gyara zama a kan bencinsa.