Ranar da Lele Ta Shiga Taron Tsaye

Ta tsaya fa, Yaya. Da ƙafafunta biyu, ba wanda ya riƙe ta. Lele tawa, wadda sa'anninta duk suna tafiya ita tana nan tana jan gindi, har surukata ta daina tambaya, sai kallo.

Kin san Abbanta a gida yake aikin nan nasu na haɗa manhajar waya. Kullum da safe suna taro ta kwamfuta, kowa a tsaye, wai don kada surutu ya yi tsawo, ƙafa na gajiya a watse. Kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, da wanda zai yi yau, da abin da ya tare masa hanya. Da, lokacin barcin Lele suke yi, ya rufe ƙofa.

Rannan ina ninke kaya na ji shugabarsu ta ce, "Kai fa, me ya tare ka? Aikinka ya yi sanyi."

Ya ce, "Ranki ya daɗe, 'yata ce har yanzu ba ta tsaya ba. Hankalina na can."

Wani mai gemu a cikinsu ya ce, "Kawo ta taro mana, nan ai ba a zama."

Aka yi dariya. Ashe matar da gaske ta ɗauka, ta mayar da taron zuwa bayan wankan Lele.

Tun daga nan, kullum sai in ajiye ta gefen teburinsa tana ƙamshin hoda. Rana ta ratso labule, mutanen nan a 'yan tagoginsu na fuskar kwamfuta kamar suna shawagi, ita kuma ta ɗaga kai tana kallon Abbanta can sama kamar bishiya. Ni ma in jingina da ƙofa, ina hango ta da takalman makaranta tana gudu, igiyar takalman a kwance.

Yau yana cikin bayanin wani maɓalli da ya gyara, ta kama wandonsa, ta miƙe, ta saki. Ya karkato kwamfutar a hankali. Kowa ya zuba mata ido.

Mai gemu ya yi ƙasa da murya, "Malama, me kika yi jiya?"

Ta ce "ba", ta zauna daɓas.

Shugabar ta ce, "Kai kuma yau me ya tare ka?"

"Babu komai," in ji shi.

Don Allah ki gaya wa Inna, Yaya. Amma ki fara biyawa ta wajen surukata.