Jakar Baba Zamani

Basilla biyu. Wuƙar yankan fata. Zare ƙulli ɗaya. Jakar maharbi da na ɗinka a Legas, naɗe cikin leda. Makullin ɗakin aikin mahaifinmu.

Abin da na riƙo ke nan a bayan mashin daga Kafanchan zuwa Madakiya. Wata biyar da binne mahaifinmu, Kumai, wanda ya yi shekara arba'in yana ɗinka wa maharba jakar albarushi. Ƙanena Dickson yana son ɗakin, zai buɗe shagon cajin waya. Mun yi magana a waya: in maharba suka karɓi ɗinkina, ɗakin nawa ne. In suka ƙi, in miƙa makulli.

Ban damu ba. Shekara huɗu na yi a Indiya ina koyon aikin fata.

Na tarar da Baba Zamani, shugaban maharban garin, zaune a ƙofar ɗakin da bindigarsa ta toka. Dickson na tsaye gefe, har ya kawo gwangwanin fenti.

"Yemima 'yar Kumai! An ce kin zama injiniyan jaka," in ji tsohon. "Kawo mu gani."

Ya rataya. Fatar ta yi kyau, ɗinkin ya miƙe, na sani. Ya tsayar da bindigar a ƙasa, ya riƙe bakinta da hagu kamar zai ɗura, ya kai dama ga jakar. Ya ja zif. Jakar ta bi hannunsa. Ya sake ja.

"'Yata, hannu nawa ne da maharban Indiya? Ni biyu ne da ni. Ɗaya yana kan bindiga."

Ya taka sau uku. Ƙarfen maɗaurin ya yi ƙara.

"Wannan kuma ƙararrawan coci ne? Gada za ta ji ni tun daga Samaru."

Dickson ya yi dariya. "Sista, kawo makulli kawai."

"Ba a tashi ba tukuna," na ce.

Na buɗe ɗakin, na zauna a kujerar mahaifinmu. Na farke zif ɗin, na yanke ƙarfen. A kwandonsa na samu ragowar fatar akuya mai kauri. Na yanka marufi mai faɗi wanda nauyinsa zai rufe bakin jakar da kansa, na ƙulla maɓalli na fata. Na sa tsohon ya nuna mini inda hannunsa ke fara sauka. Nan na ɗinka mazaunin ƙahon albarushi, tsumma a bayansa, dalma a ƙasa. Awa uku. Basilla ta huda mini yatsa sau biyu.

Ya sake ratayawa, ya rufe ido. Hannu ɗaya ya ɗaga marufin: ƙaho, tsumma, dalma. Ya zagaya tsakar gida, babu ƙara.

"Igiyan ya yi tsawo da yatsa biyu."

"Kawo in rage."

"Ubanki ma sai ya gyara sau uku." Ya ƙi cire jakar. "Gobe zan turo Rufus, shi ma maharbi ne. Shi bahago ne, kada ki manta."

Dickson ya dubi fentinsa. "To ni fa? Ba za ki koma Legas ba?"

Na shiga, na ja ƙofa ta rufu.

"Ba zan koma ba," na ce daga ciki. "Ka nemi wani ɗaki."